Hoton Shafin Farko

A tashar bas ta Fordham Road, can ƙasar Turawa, Alhaji Tamimu mai shagon atamfa ya ji wani saurayi yana Hausa a waya. Yana gamawa, Alhaji ya tura masa tasa wayar har hanci.

"Ɗana, dubi 'yata Sherifa, injiniyar kwamfuta! Hotonta ne a shafin farko na kamfaninsu a intanet. Har Kumasi na aika, na ce ta zama shugaba."

"Allah ya ƙara ɗaukaka, Baba. Baƙar fata nawa ne a wurin?"

"Ina ruwanka?"

"Aikinmu iri ɗaya da ita, kamfani ne daban. Shekara shida hotona na shafin namu. Ni kaɗai ne baƙin mutum, shi ya sa ranar hoto nake sauya riga sau uku, a ga kamar muna da yawa. Baturen da na koya wa aiki kuwa ya fi ni albashi."

"Hassada ce kawai! Nasu cike yake da 'yan'uwa. Ga wata mai mayafi, ga wata."

"Matso da fuskokin, Baba."

Alhaji ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo, har bas ta zo ta wuce.

"Duk Sherifa ce! Wannan ma mayafin uwarta ne da muke ta nema!"