Kaskon Jabana da Rawar Hannuna

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu.

Ni ce Maryamu, matar Iliya.

Tun da zinariya ta fito a duwatsun kudu da Damazin, nan Sudan, mazan ƙauyenmu suka watse wajen haƙarta. Ciyawa ta cinye gonar dawarmu. Iliya kan dawo da 'yan curi masu ruwan toka, zinariya ce haɗe da zebak, ruwan nan mai sheƙi da suke kama ta da shi. Sai an ƙona, zebak ya tashi, ita ta rage. Don tsoron masu bindiga, cikin ɗaki yake ƙonawa, ƙofa a rufe, a kaskon da nake soya 'ya'yan jabana, wato gahawarmu. Ni ke hura masa wuta. In ya gama in wanke kaskon da toka, in sake wankewa, zuciyata ba ta kwanta ba sai na ƙara.

Sai hannuna ya soma rawa. Dasashina yana jini. Ranar da jaririyata Rahila ta kusa suɓuce mini wajen wanka, na zube ƙasa ina kuka.

Maƙwabciyata Hajja Batula ta ce, "Ke 'yan nan, dahab, zinariyar nan, na aljannu ne! Mijinki ya ɗauko bai yi yanka ba."

Ni kuwa na ɗauka horon Allah ne. Na tuba kan abin da na yi, har da wanda ban yi ba.

Wata Laraba a zumuntar mata, kofin shayi ya faɗi daga hannuna. Shugabarmu Mama Saratu ta riƙe ni ta ce, "Ya Uba, nuna mana abin da ke cin 'yarka." Ban warke nan take ba. Amma tsoro ya sake ni, na faɗi zancen ƙonawar da Iliya ya hana ni faɗa.

Ta ce, "Tashi, sai asibiti!"

Likita ya ce, "Hayaƙin zebak kika shaƙa. Wanke kasko ba ya maganinsa. Kina ba da nono?"

Wayyo Allah!

Na haƙa rami na binne kaskon. Na ce wa Iliya, "Baban Rahila, ko ƙonawa ta bar ɗakin nan, ko ni da 'yarka mu bar shi."

Ya ce, "Ke dai da tsoro, ya Maryamu!" Amma bai sake ƙonawa a ɗakin ba.

Yau rawar ta ragu, da kaina nake goya 'yata. Halleluya! Sai dai tsararrakinta suna tafiya, ita ko tsayuwa ba ta fara ba. Kullum ina duba 'yan yatsunta ko suna rawa. Iliya kuma yana can cikin ramin zinariya.

Na gode wa Yesu. Bai tsamo ni don ya bar Rahila ba. Ku dogara gare shi, ku kuma sa ta cikin addu'a. Amin.