Hasumiyata Ba ta Masallaci Ba Ce

Salamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Mirriya.

Ni magini ne. Bana na zuba doguwar hasumiya ta siminti da ƙarfe a garkata, gindi mai faɗi, kai siriri, don in ɗora fankar da iska ke juyawa ta ba da wuta. Sai ga limaminmu, ransa a ɓace: "Malam Issufu, me muka yi maka za ka raba mana jam'i?" Ashe ya zaci masallaci nake ginawa! Da ya ji bayani, ya yi dariya, ya ce to a rataya musu lasifika.

Masana, ku ba ni shawara: simintin zai jure girgizar fanka da muryar ladaninmu tare? Wallahi muryarsa ta fi iskar ƙarfi!