Kabushin Tani da Direban Sakkwato

A tashar Isa, tsohuwa Tani tana matse cikin motar Sakkwato da ƙullin irin kabushi a cinya, sai direban ya leƙo.

"Inna, ina za ki shuka shi?"

"Bayan ɗakina. Ɗan hili ne kamar tabarma."

"Subhanallahi! Kabushi shina son sarari, taku ukku tsakanin rami da rami. Matse shi zalunci ne, ko ɗiya ba shi yi."

Tani ta dubi gwiwar hannun da ta tokare mata haƙarƙari.

"Ɗana, mu biyar ka cusa a kujerar mutum ukku."

"To, Inna, ku ai ba ɗiya nike jira ku yi mini ba. Ku muskuta, saura mutum guda."