Allon da Ba Shi da Aya a Ƙasansa

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, shugaban makarantarmu da malamaina, iyayenmu mata, Mama da Yaya da dukan iyalin Baba Mai Fenti, 'yan'uwa cikin Ubangiji, salama a gare ku.

Ku yi mini haƙuri in na yi kuskure. Ban taɓa tsayawa gaban taron da ya wuce ajinmu ba. 'Yan ajin Lahadi na marigayi Baba Mai Fenti ne suka turo ni, wai ni na fi shan tambayarsa.

Ya kasance mai rubuta alluna. Allon makarantarmu hannunsa ne, haka na asibiti, haka rubutun da ke bayan motocin garin nan da yawa. Na makaranta da na asibiti bai karɓi komai a kansu ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne, warin fenti da kananzir, burushi a jiƙe cikin gwangwani, sai wani tsohon Littafi Mai Tsarki a kan benci wanda kowane shafinsa da tabon yatsa, wani shuɗi, wani ja.

Ya kasance mai tambaya ɗaya da duk muka haddace: "A ina aka rubuta?" Wata rana na ce a aji Hauwa'u tuffa ta ci. Ya miƙo mini littafin ya ce, "'Yata, nemo mini tuffar nan, ni ma ina jin yunwa." Na duba har aka tashi, ban same ta ba. Bai yi mini dariya ba. Cewa ya yi shi ma sai da ya yi furfura ya gano babu ita.

Dattawa za su tuna lokacin da aka sa shi ya zana masanan nan da suka zo daga gabas ganin jariri Yesu a bangon ajin yara. Ya zana biyar, maimakon ukun da aka saba. Wani dattijo ya ce, "Mai Fenti, ina ka samo biyar?" Baba ya ce, "Inda ka samo uku, ranka ya daɗe." Aka buɗe littafin, aka ga kyautai ne uku, mutanen ba a ƙidaya su ba. Har yau biyar ɗin suna bangon.

Ya kasance mai ƙa'ida a aikinsa. In ka kawo masa magana mai daɗi, zai rubuta maka ita da kyau. Amma ba zai sa sura da aya a ƙasanta ba sai ya gani da idonsa. In babu ita a littafin, wurin yakan zauna fili. In kuma ya gama aiki, yakan ɗiga jan fenti a kusurwar dama, shi ne sa hannunsa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi mini wuya. Yaya, babban ɗan Baba, shi ne ya roƙe ni in faɗa, don ya ce shi bakinsa ya kasa.

Mama, da Baba ya rasu an tarar da wani allo a kan bencinsa: "Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa." Kin ɗauke shi kin rataye a ɗakinki. Kin ce saƙonsa ne na ƙarshe gare ki, ajali ne ya hana shi sa ayar. Tun ranar ba wanda ya ga hawayenki. Kina dafa wa baƙi, kina rarrashin masu kuka, kina cewa tunda Allah ya ɗora miki, ai kina da ƙarfin ɗauka. Yaya ya ce ba kya cin abinci.

Mama, allon nan wani ne ya ba da aikinsa. Lahadin ƙarshe da Baba ya koyar da mu, ya kawo maganar aji ya ce mu nemo ta. Muka samo ayar da ake jingina ta da ita, a Korintiyawa ta fari, sura goma. Ya ce, "Ku karanta a hankali." Muka ga kan jarabar zunubi take magana, cewa Allah zai buɗe hanyar tsira. Ba ta ce baƙin ciki ba zai fi ƙarfin mutum ba. Sai ya sa muka juya zuwa Korintiyawa ta biyu, sura ɗaya. A nan manzo Bulus da kansa ya ce wahala ta danne su fiye da ƙarfinsu, har suka fid da rai. Ya ce hakan ya faru ne don kada su dogara da kansu, sai ga Allah mai ta da matattu.

Baba ya rufe littafin ya ce, "Kun gani? Wani kayan yakan fi ƙarfinmu. Shi ya sa muke da Uba."

Shekaranjiya na shiga gaishe ki, na dubi allon. Mama, in kin koma gida ki duba kusurwar dama. Ɗigon jan fentin yana nan. Baba ya gama aikinsa. Da gangan ya bar ƙasan fili.

Don haka Mama, ba ki gaza ba in ya fi ƙarfinki. Shekara talatin da huɗu kuna tare. Ubangijinmu Yesu ma ya tsaya bakin kabarin abokinsa ya yi kuka, wannan kuwa a rubuce yake, na gani da idona. Ki yi kukanki. Iyayenmu mata suna nan, za su karɓi tukunya. Mu ma 'yan ajinsa za mu zo shara da wanke-wanke, ko ba ki kira mu ba.

Muna gode wa Baba Fasto da dattawa da suka ba yarinya kamata wuri, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

Ya Uba, mun gode da ka ba mu Baba Mai Fenti. Rashinsa ya fi ƙarfinmu, ba za mu ɓoye maka ba. Ka riƙe Mama, ka riƙe Yaya da ƙannensa, ka ɗauki abin da suka kasa ɗauka, har ranar da za ka share dukan hawaye. Cikin sunan Yesu. Amin.