Dami Uku na Iri

A layin rabon hatsin agaji a Karaye, shekarar fari, Ilu manomin Kurugu ya tsaya bayan wani dattijo.

"Sannu da rana, Baba. Kai ma rumbu ya ƙare?"

"Da sauran dami uku, ɗana."

"Haba Baba! Da hatsinka kake tare mana layi?"

"Iri ne. Na liƙe rumbun da laka, kada kukan jikokina ya karya mini zuciya. Ba zan dawo layin nan baɗi ba. Kai ina naka?"

Ilu ya sunkuyar da kai.

"Mun tuƙe shi tun babbar sallah."

"To, in ruwa ya sauka, zo ƙauyenmu Zoza ka neme ni, sunana Maharazu. Da ƙwaryar shuka za ka taho, ba tukunya ba."