Jemagu Sun Shuka Mini Kaɗanya

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni dattijo ne daga Manga, kuma da hannuna na rubuto, albarkacin ajin yamma.

Shekarar da aka haifi jikata Ladi na bar gonata ta gindin dutse, domin ƙasar ta gaji, ƙuduji kawai take fitarwa. Ciyawa ce ta fara rufe ta. Bayan 'yan damuna sabara da kalgo suka fito, ganyensu yana zuba, ƙasa tana yin baƙi. Bana Ladi, wadda take sakandare, ta ja ni can, ta cika mini hula da 'ya'yan kaɗanya.

Na ce, "Amarya, wa ya shuka?"

Ta ce, "Jemagun da kake jifa ne, tsoho, su suke shan 'ya'yan su yar da ƙwallayen a nan. Je ka ba su haƙuri."

Na yi dariya har da hawaye. Amma babanta ya ce tunda ƙasa ta huta, zai sare komai ya shuka dawa. Masu sauraro, yaya zan shawo kansa ya yi nomansa ya bar mana kaɗanyar?

Ina gaida 'yan ajinmu, da jemagun Manga, su yafe mini.