Zogalen Inna a Taman Melati

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi 'yar Gumel, ina karatu a Kuala Lumpur.

Lokacin kullen korona, da jirage suka daina tashi, kewar gida ta ishe ni. Sai na kwance irin zogalen da Innata ta ƙulle min a tsumma, na shuka a bayan gida. Yadda ta koya min na yi: gurbi mai zurfi don ya riƙe ruwa, ruwan wankin shinkafa ma a gindinsa nake juyewa. Ashe nan kusan kullum sai an yi ruwan sama! Saiwar ta ruɓe, irin ya kusa ƙarewa.

Maƙwabciyata a unguwarmu ta Taman Melati, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Malay, ta leƙo ta katanga da takunkuminta tana dariya: "Yarinya, a nan hanya ake ba ruwa ya wuce."

Na yi tudu, na haɗa da yashi, na daina ban ruwa. Yau zogalen ya fi ni tsawo, har ya yi fure, ni kuwa har yanzu ban sa Inna a ido ba.

Don Allah Malam, a gaishe min da ita. A ce mata ruwan da ke bin kwata a nan, da ana aika shi, da ta huta da zuwa rijiya.